Jan Ƙyallen da Na Ɗaura a Ramin Zinari

Sai da muka haye Kwara a Gaya, na waiga na ga ruwa ya shiga tsakanina da gida, sannan na yarda tafiya ta tabbata. Mu uku ne. Ni Mamman, daga Bodinga, lokacin gemu bai gama fito mini ba. Sai Kawu Bawa, ƙanen mahaifiyata, manomin albasa a Mandera, wanda ya taɓa zuwa cin rani Gwalkwas, ƙasar da muka nufa, shi ne idonmu. Na ukun Sanda ne, mutumin Horo Birni, dogo mai yawan dariya, wanda ya bar mata da 'ya'ya biyu. Zamanin Turawa ne, gero bai yi ba a shekarar, haraji kuwa ba ya jira.

Ƙasar Bargu ta ba mu wuya. Muna tafiya da ƙafa, in mun yi sa'a mu sami mota mai ɗaukar goro ta rage mana hanya. Da muka shiga ƙasar Dagwamba ƙafar Sanda ta tsage har tana jini, ya koma tafiya da sanda kamar tsoho. A wani ƙauye muka zauna gindin bishiya, wata tsohuwa ta fito ta tsaya tana dubanmu. Ba ta jin Hausa, ba mu jin nata. Ta koma ciki ta dawo da man kaɗanya a ganye da ruwan zafi, ta durƙusa ta wanke ƙafar Sanda da hannunta, ta shafa masa. Daga baya ta kawo mana sakwara, wadda ban taɓa ci ba sai ranar. Kawu ya kwance ƙullin gabu, busasshen ganyen albasar gonarsa, ya ba ta. Ta sansana, ta yi murmushi, ta ɗaure a bakin zanenta. Ban san sunanta ba, amma har yau tana cikin addu'ata.

A zangon Kumasi aka cuce mu, kuma Bahaushe ne ya yi. Wani dillali ne mai babbar riga da baƙin tabarau, ya ji maganarmu ya ce ai shi ma kakansa Basakkwace ne. Ya saya mana koko da ƙosai, ya ce akwai kamfanin Turawa da ke neman masu gadi da masu sharar fili, aiki a inuwa, ga ɗaki kyauta. Kawu ya tambaye shi har sau biyu ko aikin rami ne, ya rantse ba shi ba ne. Muka dangwala yatsa a takarda gaban akawu, aka sa mu a jirgin ƙasa. Da muka sauka muka ga tudun farar ƙasa kamar duwatsu, da wani dogon ƙarfe mai ƙafafu yana juya igiya, Kawu ya tsaya cak.

Ya ce, "Wanga mutum ya sai da mu. Ramin zinari na."

Takardar da muka dangwala ta ɗaure mu har wani lokaci. Wanda ya gudu ɗan sanda zai nemo shi.

Ranar farko da aka zuba mu cikin keji, wato akwatin ƙarfen da ke sauka da mutane, na ɗaga kai ina duban sama. Haske ya yi ta ƙanƙancewa a sama har ya zama kamar ƙwayar gero, ya ɓace. A ƙasa zafi ne da ruwa da duhu, sai fitilar da ke goshin kowa. Aikinmu shi ne, in masu nakiya sun fasa dutse, mu kwashe da shebur mu cika kurar ƙarfe mu tura. Wanda ƙungiyarsa ta cika kura da yawa yana samun ƙari a kan albashi. Saboda wannan ƙarin kowa ke gaggawa.

Da yamma in mun fito mukan zauna bayan ɗakunan kwano mu da sauran Sakkwatawa. Ba gero a ƙasar, sai rogo da ayaba. Nakan rufe ido in ga kasuwar Bodinga, in ji ƙamshin fura da nono, in buɗe ido in ga kurmi ya kewaye ni ta ko'ina, ba ka ganin nesa. Abin da ya fi damuna ke nan, rashin ganin nesa.

Sanda bai kai ƙarshen takardarsa ba. Akwai doka cewa in an tashi nakiya ba a shiga wurin sai hayaƙi ya fita an zuba ruwa. Dokar tana rubuce a allo da Turanci a bakin keji, ba wanda ya taɓa karanta mana. Wata rana helmanmu, wato shugaban ƙungiyarmu, ya ce a yi sauri, wata ƙungiya ta fi mu kura. Sanda ya riga kowa shiga yana waƙa. Ya fito lafiya, ya ci abinci, sai can da la'asar ya fara tari yana cewa ƙirjinsa ya cika da ruwa. Kafin washegari ya rasu a asibitin kamfani. Muka binne shi a jar ƙasa mai danshi, limamin zango ya yi masa salla. Kawu ya ɗaure 'yan kayansa ya ajiye ƙarƙashin tabarmarsa.

Mutuwar Sanda ta kawo sufeton ramuka na gwamnati, wani Bature siriri mai yawan shiru. Abin da ya bari a baya shi ne umarni cewa kowace ƙungiya a sa mata mutum ɗaya mai jin harshenta, wanda ba ya ɗaukar shebur, aikinsa kawai ya duba lafiyar wuri ya tabbatar an bi doka. Aka ba wani dattijo Bafante mai suna Kwesi aikin zaɓen mutane da koya musu. Shi ne babban mai kafa gumagumai masu tokare rufin dutse a ramin, ya kuma yi aikin soja, a can ya koyi Hausar bariki.

Ya zo ya tsaya yana dubanmu ɗaya bayan ɗaya, ya nuna ni. Na ce masa ni ne ƙarami, kuma ni na fi kowa tsoron ramin nan.

Ya ce, "Na gani. Kullum kana duba sama. Ni matsoraci nake nema. Jarumi yana kashe mutane."

Ya ba ni usur, da doguwar sandar ƙarfe, da jan ƙyalle. Ya yi ta yawo da ni cikin rami yana koya mini. In ka ƙwanƙwasa rufin dutse ya amsa da ƙara mai kaifi, lafiya. In ya amsa kamar ƙwaryar da ta tsage, akwai rami a bayansa. Ya koya mini duba gungume ko ya fara tsagewa, da sansanar iska bayan nakiya, da yadda ake zuba ruwa a dutse kafin a huda don ƙura kada ta shiga ƙirji. Ya sa na haddace dokokin allon nan da Hausa. Game da jan ƙyallen ya ce, in na ɗaura shi a bakin wuri, doka ta ce ba mai shiga, ko Bature, sai an tokare rufin da gumagumai.

Ya ƙara da cewa, "Amma ka sani, ranar da ka ɗaura shi ba ka da aboki."

Tun kafin in ɗaura ma na fara rasa su. Ni ne mai hana mutum cire hular kwano alhali zufa na zuba masa a ido. Ni ne mai tsayar da mutane a bakin wuri suna kallon dutsen da aka fasa, wata ƙungiya tana tura kura tana wuce su. Ni ne mai tashin wanda ya kishingiɗa a inda iska ba ta kaiwa. Suka sa mini suna Ɗan Usur. Wani ma yakan ce yaron Nasara, a inda zan ji. Wasu dokokin ni kaina na san kamfani bai cika nasa ba. Doka ta ce kowa da takalmi, amma takalman ba su isa ba, rabin mutanena da ƙafa suke shiga. Na faɗa wa Baturen da ke kan sashenmu, wanda muke kira Mai Lofe saboda lofen da ba ya rabuwa da bakinsa ko ba wuta. Ya ce ya rubuta, jirgin ruwa bai iso ba. Na koma ina tattara tsofaffin tayoyi, wani baduku a zango yana yanka mana faɗe.

Muna gab da cika wa'adinmu aka buɗe wani sabon lungu mai arzikin dutse, aka ba ƙungiyarmu. Dutsen yana da taushin kwasa, kura tana cika nan da nan. Kowa ya fara lissafin abin da zai kai gida kafin damina. Kawu yana maganar jaki da gyaran rijiyar fadamarsa. Ban taɓa ganinsa da fara'a haka ba tun rasuwar Sanda.

Wata safiya na shiga gabansu kamar kullum, na ƙwanƙwasa rufi. Ya amsa da kaifi. Na matsa ciki na sake bugawa, sai na ji sautin ya mutu. Na buga gefe, haka. Na ɗaga fitila, na ga ɗan gari-gari yana zubowa daga wata siririyar tsaga, kaɗan-kaɗan, kamar ana barbaɗa gishiri. Na daɗe a tsaye. Na yi ta gaya wa kaina wataƙila kunnena ne. Kwesi kuwa yana wani sashe mai nisa, ba wanda zan tambaya. Na fito na ɗaura jan ƙyallen a bakin lungun.

Mutane suka yi cirko-cirko da shebur a hannu. Aka kira Mai Lofe. Ya karɓi sandata ya shiga ya ƙwanƙwasa da kansa, ya fito yana taɓe baki. Ta bakin tafinta ya ce shi bai ji wani abin tsoro ba, ya ga rufin da ya fi wannan muni ya shekara bai motsa ba. Ya ce gumagumai sun ƙare, sai jirgin ƙasa ya kawo, kuma ba a san rana ba. Bai yi mini tsawa ba. Ya ce shi ma akwai wanda ke zaune a kansa yana ƙirga kura. Ya ce hannun da ya ɗaura shi ke kwancewa, in na kwance magana ta ƙare.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban iya ba."

Ya dube ni, ya gyara lofensa, ya tafi. Aka mayar da ƙungiyarmu wani tsohon lungu mai taurin dutse da ruwa har gwiwa, inda ba a samun ƙari.

A ranar ba wanda ya ci abinci da ni. Na ɗauki kwanona na zauna ni kaɗai. Washegari da muka sauka na ƙirga mutanena na ga babu Kawu. Na san inda yake. Na same shi ya tsallake ƙyallen, yana can ciki ƙarƙashin tsagar, yana loda dutse a kura shi kaɗai.

Na ce, "Kawu, don Allah ka hito."

Bai waigo ba. Ya ce, "Kai ka haihe ni ko ni na goye ka? Tun kana tsumma nika ɗaukar ka. Yau kai ka hana min neman abinci?"

"Ba ni na ba, Kawu, doka ta."

"Dokar wa? Wanda yay yi dokar ya shiga ya buga, ya ce lahiya lau. Mun baro gida, mun binne mutum, mu koma hannu wohi? In kwana ya ƙare ko bisa tabarma mutuwa akai."

Doka ta ce in busa usur in kai sunansa ofis. In na yi haka za a kore shi ba tare da haƙƙinsa ba, a ƙasar da ba mu da kowa. In na ƙyale shi kuma gobe mutum goma za su bi shi. Na sa usur a baki na kasa busawa. Sai na tsallaka ƙyallen, na je daidai inda garin ke zubowa na zauna a ƙasa, na ajiye sandata.

Ya ce, "Mi kaka yi?"

Na ce, "Ina jiran ka. In ka gama mu hita tare. In ya hwaɗo kuma, sai a nemi wanda zai kai ma Inna labari, don ni da kai ba mu kai shi."

Ya ci gaba da loda dutse, shebur ɗaya, biyu, yana yi yana huci. Garin yana sauka a hular kwanona ina jin sa, tsit, tsit. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan zaman ba. Can sai ya yi jifa da shebur, ya kama ni a wuyan riga ya fizge ni waje kamar ɗan akuya. Da muka wuce ƙyallen ya sake ni, ya yi gaba. Daga ranar ya daina yi mini magana. In na gaishe shi sai ya ɗaga hannu kawai. Ɗakinmu ɗaya, tabarmarmu na kusa da juna.

Kwanaki suka yi ta wucewa, rufin bai faɗo ba. Kowace safiya wani zai tambaye ni da murmushin mugunta, "Ɗan Usur, ya hwaɗi?" In ce a'a. Har na kai ga wani abin kunya a zuciyata, ina fatan ya faɗo da ba kowa a ciki, don in huta da idon mutane.

Ana haka sufeto ya dawo zagayensa. Ana gobe zai zo sai ga takalma sababbi an fito da su daga sito an raba wa kowa, aka share hanyoyi, aka wanke allon doka. Ya sauka tare da Mai Lofe, ya ga jan ƙyallen ya tambayi wanda ya ɗaura. Aka nuna ni. Ya shiga ya ƙwanƙwasa, ya daɗe yana saurare. Na zuba masa ido ina jira ya ce na yi daidai, ko ya ce na yi kuskure, kowanne zan karɓa. Bai ce ko ɗaya ba. Ya ce wurin da aka rufe yana nan a rufe sai an tokare, haka doka ta ce. Sannan ya dubi ƙafafun mutane ya tambaye ni ko kullum haka suke da takalma. Mai Lofe yana tsaye. Na ce yau dai suna da su. Tafinta ya juya masa, ya yi rubutu, ya wuce. Takalman dai ba a mayar da su sito ba, ko don maganata ko don wani dalili, ban sani ba.

Bayan tafiyarsa aka ce an yi mini canjin aiki, aka mayar da ni ɗakin fitilu a sama, ina goge gilashi. Ba a kira shi horo ba, amma kowa ya gane. Aka ba wani mutum usur ɗin. Da gumagumai suka iso Kwesi ya tokare lungun, aka ba wata ƙungiya, su suka ci arzikinsa.

Ranar da zan bar garin na je sallama da Kwesi. Ya sa matarsa ta ɗaure mini dokunu, tuwon masararsu na cikin ganye, da soyayyen kifi na hanya. Na tambaye shi abin da ke cina.

"Baba, kai ka kafa gumagumai a wurin. Da zai faɗo?"

Ya ce, "Ban sani ba. Na tsufa ina rufe wurare, ban san wanne zai faɗi ba, wanne ba zai faɗi ba. Wanda ya mutu kowa ya san sunansa. Wanda bai mutu ba, shi kansa bai san da shi aka yi ba. Aikin ke nan. In kana son godiya ka koma ɗaukar shebur."

Hanyar dawowa ta fi ta zuwa tsawo, don tafiya da mutumin da ba ya yi maka magana nauyi ce. Mun biya Horo Birni muka kai kayan Sanda. Kawu ne ya yi bayani, ni ina durƙushe a baya. Daga nan ya nufi Mandera, na nufi Bodinga. Bai sayi jakin ba. Inna ta lura ba ya zuwa gidanmu, ta tambaye ni, na ba ta labari. Ta ce in bar shi, ta san ƙanenta.

Damina ta wuce, aka yi girbi, aka shiga shirin albasa. Wata safiya ina gyaran darni sai ga ɗan aike daga Mandera, wai Kawu ya ce in zo yanzu. Na ɗauka rashin lafiya ce, na kama hanya ban ko karya ba. Na same shi a fadama, shi da masu haƙar rijiya biyu, suna tsaye a bakin tsohuwar rijiyarsa da yake son a yashe a ƙara mata zurfi. Igiya tana hannun ɗayansu, ya riga ya tuɓe riga.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da baki, karo na farko tun cikin rami. Ya miƙo mini wata doguwar gora.

Ya ce, "Ga ta nan. Sun ce lahiya lau take, ni ma haka nig gani. Amma ba mai shiga sai ka duba."

Na karɓi gorar na kwanta rub da ciki a bakin rijiyar, na bi bangon ina bugawa. Gefen gabas ya jiƙe, ƙasa tana ɓantarowa da an taɓa. Na tashi na kakkaɓe jikina, na ce a ganina sai an faɗaɗa bakin an kafa itace tukuna, aikin zai ƙara kwanaki. Mai igiyar ya fara gunaguni, yana cewa shi ya shiga wadda ta fi wannan.

Kawu ya ce masa, "Mai da rigarka. Wanga yaro ba a gardama da shi, zama shikai ƙasa ya ƙi tashi."

Ya juya ya ce in zo mu tafi gida, an dama fura.